Inda Umma Take Zuwa Ranar Asabar

Daga Umma, mako na shida da tafiya

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka da 'yan jikokina. Ina fatan tarin ƙaramar ya sauka. Ni lafiyata ƙalau. Maganin hawan jinin ina shansa kullum bayan karin kumallo, jiya ma na auna da kaina, yana inda ya kamata. Na riga ka faɗa don kada ka tambaya.

Ka yi haƙuri da wasiƙar hannu. A nan waya ba ta kamawa sai mutum ya hau tudun bayan tankin ruwa ya miƙa hannu sama, ni kuma gwiwata ta wuce wannan wasan. Akawun asibitin yana shiga gari kowace Litinin. Shi zai riƙa ɗaukar hoton takardun shafi-shafi yana tura maka, in ka ba da amsa ya bugo min ita a takarda. Ba ya jin yarenmu, saboda haka faɗi son ranka.

Asibitin ƙarami ne, gado takwas da ɗakin haihuwa ɗaya mai taga a sama. Da na shiga na ji warin maganin wanke ƙasa, sai na ji kamar ban taɓa yin ritaya ba. Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa, ashe hannu ba ya mantuwa. Na karɓi tara zuwa yau. Ba na jin maganar matan, su ma ba sa jin tawa, amma naƙuda yarenta ɗaya ko'ina. Mu huɗu ne 'yan sa kai, ni ce tsohuwar cikinsu. Shugabar asibitin yarinya ce, ba za ta girmi autata ba, tana da kirki, sai dai akwai wani littafin dokoki da ƙungiyar da ta kawo mu ta ba ta, ina jin da shi take kwana.

Ranar Asabar ƙungiyar ta kai mu yawon buɗe ido gandun namun dajin da ke kusa da mu. Babana, na ga raƙumin dawa yana shan ruwa. Sai da ya ware ƙafafun gaba kamar zai tsage, ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya sauke wannan dogon wuyan a hankali. Na yi dariya har hawaye, don ya tuna min da yadda marigayi babanku yake sunkuyawa ɗaukar takalmi lokacin da bayansa ya matsa masa. Mun ga jakunan dawa, mun ga dorina ta fito da hanci kawai tana hararar mu. Wani biri ya shigo motar ya sace wa abokiyar aikina ayaba daga cikin jaka, ya koma kan reshe yana ɓarewa yana kallon ta. Ga hotuna uku nan, ka nuna wa yara.

Ka leƙa gidana ka buɗe tagogi ko sau ɗaya a mako, kada ɗakin ya yi wari.

Mahaifiyarka

Daga ɗanta, mako na tara

Umma,

Barka da aiki. Muna lafiya gaba ɗaya, tarin ƙaramar ya tafi, yanzu haƙori take fitarwa. Tagogi ana buɗewa. Yara sun manna hoton raƙumin dawan a jikin firij.

Umma, akwai abin da nake so in tambaya, kada ki ga kamar rashin kunya. Wasiƙunki huɗu yanzu a hannuna, kuma kowacce da hotunan namun daji. Na jera su a kan tebur na duba kwanan watan, duk Asabar ne, huɗu a jere. Na buɗe takardar da ƙungiyar ta ba mu ranar da na sa hannu a matsayin wanda za a nema in wani abu ya taso. A shafi na biyar an rubuta cewa sau ɗaya ake kai 'yan sa kai gandun daji a duk zamansu. To sauran ukun wa ya kai ki?

A hotunan farko ina ganin abokan aikinki, ga motar ƙungiya fara. A na baya ke kaɗai ce, motar kuma koriya ce. A na makon jiya kina sanye da wata rigar sanyi mai kauri wadda hannunta ya rufe miki yatsu. Ni na ɗaure miki akwati, babu wannan rigar a ciki. Ta maza ce.

Kin san tun farko raina bai kwanta da tafiyar nan ba. Mace mai shekara hamsin da takwas, da hawan jini, a ƙasar da ba ta san kowa ba. Kika ce aikin Allah za ki je yi, na ƙyale ki. Gwaggo ta zo ranar Lahadi ta ga hotunan a jikin firij, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne asibitin?" ta ce.

Na ce mata ranar hutu ce.

"Hutun ya karɓe ta kuwa. Rabon da in ga haƙoranta a waje haka tun ƙanina yana raye."

Kin san bakinta. Zuwa yanzu na tabbata dangi sun ji. Ni ba maganar mutane ce ta dame ni ba, so nake in san a hannun wa kike kowace Asabar. Ki faɗa min ko wane ne, da aikinsa, da dalilin da ya sa ke kaɗai yake ɗauka.

Ɗanki

Daga Umma, mako na goma. Shafi uku ta rubuta, na farko da na uku kaɗai suka isa.

Babana,

Lafiya lau nake, jini yana zaune. Ku shafa wa ƙaramar ruwan sanyi a dasashi da tsumma mai tsabta, kada ku ba ta komai daga kanti sai likita ya gani.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na san a makarantarku kai ne mataimakin shugaba, kai ake kawo wa duk ɗalibin da ya tsallake katanga. Ni ba ɗalibarka ba ce. Ni na yanke wa 'ya'yanka cibiya, tawa uwar ta yanke maka taka ina kallo. Rigar sanyi kuma aro ce. Da sassafe ake fita, motar a buɗe take, iska tana shiga har ƙashi. Mai motar malamin daji ne, ma'aikacin gandun, ya ga ina rawar sanyi ya ciro ta daga bayan kujera. In kana so in rubuto maka lambar wuyanta ma, sai in duba. Gwaggonku kuwa ka ce ina gaishe ta, haƙorana nawa ne, ban ara a wurin kowa ba.

Tunda labarin Asabar kake so, bari in ba ka wanda ya fi

ya manyanta sosai, tafiyarsa a hankali, amma in ya tsaya a gabanka sai ka ji kwarjini ya cika wurin. Dattijo ba ya shiga cikin 'yan'uwansa. An ce ya fi shekara shida yana zaune shi kaɗai, na ce ashe tare muka fara. Wannan Asabar ɗin a bakin ruwa muka same shi. Ya tako har kusa da ni, ya daɗe yana kallo na, ni ma ina kallon sa, ban ji tsoro ba ko kaɗan. Malamin daji ya ce bai taɓa ganin ya sake da baƙo haka ba. Makon da bai fito ba na dawo raina babu daɗi. Ban san zan shaƙu da shi haka ba a shekaruna, kada ka yi min dariya.

Aiki yana nan da yawa. Na karɓi 'yan biyu ranar Laraba, duk mata, uwar ta ce sai an sa wa ɗaya sunana, suka kasa furta shi. Damina ta kankama, rufin ɗakina yana yoyo daidai kan ƙafar gado, na ja gadon gefe.

Mahaifiyarka

Daga ɗanta, washegari

Umma,

Ina fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya.

Shafi na biyu bai zo ba. Na farko ya tsaya a tsakiyar magana, sai na uku. Na kira lambar akawun sau biyar ba ta shiga. Ban sani ba ko shi ya manta, ko ke kika cire bayan kin sake tunani.

Wane ne Dattijo?

Na karanta shafin nan har na haddace shi. Mutum ne da ya rabu da danginsa shekara shida, yana zaune shi kaɗai a daji, malamin dajin yana ɗaukar ki ya kai ki wurinsa. Ya matso kusa da ke, kin shaƙu da shi. Umma, ni ba yaro ba ne, kuma ban ce haramun ne ki sake aure ba. In da a gida ne, da sai a bincika, a san asalinsa, a san abin da ya raba shi da mutanensa. A can wa zai bincika miki? Wani abokin aikina ya ba ni labarin irin mutanen da ke zagaye wuraren yawon buɗe ido. Manyan mata baƙi suke nema, waɗanda mazansu suka rasu. Ɗaya ya yi direba, ɗaya ya yi mutumin kirki mai abin tausayi. Ba sa gaggawa. Sai mace ta saki jiki, sannan a fara maganar takardun fita ƙasa.

Na nuna wa matata. Ta karanta ta ce, "Ni dai ban ga inda Umma ta ce mutum ne ba. Ka jira shafin." Na ce mata ba a kiran itace Dattijo. Ta ce in bi a hankali. Ina bi a hankali, shi ya sa ke na fara tambaya.

Ina roƙon ki, kada ki sake shiga motar nan sai mun yi magana. Kada ki ba kowa fasfonki ko da gani ne. Ki hau tudun nan ko da sanda ne ki kira ni, minti biyu ya isa.

Ɗanki

Daga ɗanta, bayan kwana goma sha shida

Umma,

Ina fatan wannan ta same ki, kuma ta same ki da lafiya. Litinin biyu sun wuce babu wasiƙa, babu kira. Lambarki a kashe, ta akawu a kashe. Na je aiki na shiga aji na tsaya, na manta darasin da na zo yi.

Ko dai fushi kike yi da ni, ko kuma wasiƙuna ba sa isa hannunki. Na fara tunanin ko akawun ma nasu ne. Shi yake riƙe da duk abin da ke shiga da fita tsakaninmu, kuma shafin da ya ɓata shi ne daidai wanda ya yi bayanin mutumin.

Gara ki ji daga bakina. Ranar Alhamis na rubuta wa babban ofishin ƙungiyar. Na tura musu hotunan da kwanan watansu. A ɗaya lambar koriyar motar ta fito sosai, na nuna musu ita. Na ce wani ma'aikacin gandu yana fita da mahaifiyata kowace Asabar ba da sanin iyalinta ba, ina tsoron ana shirya mata wani abu, su bincika. Sun amsa a ranar, sun ce za su ɗauki mataki.

Na san ranki zai ɓaci. Na gwammace ki yi shekara ba ki yi min magana ba, kina raye a ɗakinki.

Ɗanki

Daga Umma, mako na goma sha uku

Babana,

Ina raye, ina lafiya. Ruwa ne ya cinye gadar hanyar gari, mako biyu babu motar da ta fita, ƙarfen wayar ma ya faɗi. Jiya aka gyara. Wasiƙunka biyu tare suka zo, amma wadda ka rubuta wa ƙungiya ta riga su isowa.

Dattijo giwa ne. Toron giwa, tsoho, haurensa ɗaya a karye. Ma'aikatan gandu ne suka sa masa sunan da yarensu, na juya maka shi. Shafi na biyun yana nan, akawu ya same shi manne a bayan na uku. Ka ba matarka haƙuri, ta fi ka karatu.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun yi dariya. Jiya da hantsi shugaba ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta juyo min da fuskar kwamfuta. Hotunana a jere, lambar mota an zagaye ta da ja. Tun kafin in ga sunanka na gane aikinka.

"Mama, ɗanki yana tsoron wani yana yaudarar ki. Haka ne?"

Na ce ba haka ba ne.

"To me kike zuwa yi? Mai gadi ya ce da jakar aiki kike fita."

Na faɗa mata gaskiya. Kai ma ga ta, ko da yake ta zo a makare.

A can cikin gandun, ƙetaren kogi, akwai unguwar ma'aikata, gida goma sha tara. Awa biyu da rabi ne a mota. Ranar da ƙungiya ta kai mu yawo, malamin dajin ya ji an ce ni ungozoma ce. Da za mu tafi ya tare ni a gefe ya ce matar wani abokin aikinsa ƙafafunta sun kumbura, kanta yana ciwo, ko zan duba ta. Asabar ta gaba na bi shi. Na tarar da masu ciki goma sha ɗaya, babu wadda aka taɓa aunawa. Tun ranar nake zuwa. A ƙarƙashin wata rumfa nake shimfiɗa tabarma, su jeru. Namun dajin a hanya muke gamuwa da su, ya tsaya minti biyar in ɗauki hoto.

Dokar ƙungiya ta hana ɗan sa kai taɓa mara lafiya a wajen katangar asibiti. Dokar gandu ta hana shi ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba a motar aiki. Mu duka mun sani. Na bar mutanen nan suna zaton tsohuwa ce ta haukace da son giwaye. Kai kuma na ɓoye maka don na san da ka ji ana ƙetare kogi da ni a buɗaɗɗiyar mota, a ranar za ka nemi a mayar da ni gida. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Yanzu an hana ni fita ƙofa. Shi malamin dajin an karɓe makullin motarsa, an dakatar da shi sai an gama bincike. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana aikin nan, jiya an zaunar da shi ana tambayar sa ko yana bin matan baƙi.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Akwai matar wani mai sintiri, cikin fari, watanta ya kama, ɗan kuma a gicciye yake kwance. Sau biyu ina juya shi yana komawa. Ba za ta iya haihuwa da kanta ba, sai an yi mata aiki. Mako uku na yi ina lallashin mijin kafin ya yarda. Mun shirya wannan Asabar ɗin za mu fito da ita ta zauna a wurinmu. Na roƙi shugaba ta tura motar asibiti. Ta yarda, har idonta ya kawo ruwa, amma motar ba ta shiga gandu sai da takardar izini daga hedikwatarsu, kuma yanzu da sunanmu yake cikin bincike babu mai saurin sa hannu.

Ka rubuta musu yau. Ka ce kuskure ka yi, ka janye ƙarar, ka ce mutumin bai yi min komai ba sai alheri. Kada ka tsaya tsara magana.

Mahaifiyarka

Daga ɗanta, a ranar

Umma,

Na gode wa Allah da kike lafiya. Na rubuta musu kafin in gama karanta wasiƙarki, na sake rubutawa bayan na gama. Na kira ofishin sau uku. Matar da ta ɗauka ta ce an karɓi janyewar, amma abin da aka gano ya wuce ƙarata, sai kwamiti ya zauna. Na nemi lambar hedikwatar gandun, na samu wani, ya ce mai sa hannun ya yi tafiya. Gobe zan sake kira tun da safe.

Ki yafe min. Na kasa haɗa ido da matata.

Amma Umma, layi ɗaya ya isa. Da kin ce akwai mata a ƙetaren kogi da ba su da kowa, da na yi faɗa, na sani, da na yi ta ƙorafi. Ban san ko da na kai ƙara ba. Wataƙila da na kai. Tun ɗazu nake tambayar kaina, ban samu amsar da zan iya rantsuwa a kanta ba.

Ki faɗa min halin da matar take ciki da zarar kin ji. Kada ki rage komai don ki sauƙaƙa min. Shi ma malamin dajin, in akwai hanyar da zan yi masa magana da kaina, ki ba ni.

Ɗanki

Daga Umma, mako na goma sha biyar

Babana,

Ina gaishe ku duka. Jinina ya hau kwana uku, yanzu ya sauka, ina shan magani. Ka ce kada in rage komai, to ba zan rage ba.

Takardar izinin ta fito ranar Alhamis. Naƙudar kuwa ta riga ta fara tun ranar Litinin.

Na riga na aika musu ta bakin malamin dajin cewa su fito da ita ko a kafaɗa ne, kada su jira. Ya tafi da keke, inda keke ya ƙi ya tafi da ƙafa. Ya tarar mijin yana sintiri, kogi kuma ya cika. Sai Talata da asuba ruwa ya ja. Suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora ta, maza shida suna karɓa-karɓa. Ni da shugaba muna jira da motar asibiti a bakin ƙofar gandu, daidai inda doka ta ce mu tsaya. Da la'asar suka ɓullo. Da na ɗaga zanen na ga hannun ɗan ya riga ya fito, na san abin da ya rage shi ne uwar.

An yi mata aiki a gari. Ta rayu, kuma likita ya ce za ta iya sake haihuwa. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba. Ni na yi masa wanka na naɗe shi na miƙa wa uban.

Na san tambayar da take cin ka. Ba zan ce kai ka kashe shi ba, rai na Allah ne, kuma ƙaryar da na yi maka ita ta fara buɗe hanya. Ba zan kuma ce maka ba komai ba. Da an fito da ita ranar Asabar, da a kan gado naƙudar ta same ta, likita yana kusa. Wannan ni da kai za mu ɗauka, kowa da rabonsa.

Kwamiti ya zauna. Za a bar ni in ƙarasa watannina, a cikin katanga. Sun kuma amince motar asibiti ta riƙa shiga unguwar sau ɗaya a wata da takarda, wata ungozoma za ta riƙa bi, ba ni ba. Shugaba ta ce ba don wasiƙarka ba da ba su san da matan ba. Na faɗa maka ne don gaskiya ce, ban faɗa don ka ji sanyi ba.

Malamin dajin an wanke shi daga zargin da ka yi masa, amma an kama shi da laifin mota. An mayar da shi wata ƙofa can ƙarshen gandun, tafiyar yini guda. Ya zo sallama ranar Juma'a, ya tsaya a wajen ƙofar asibiti, bai shigo ba. Na gaya masa kana neman ka ba shi haƙuri.

"Ki ce masa ya bar shi," ya ce. "Da uwata ce, ni ma da na tambaya. Sai dai da na zo da ƙafata na gani."

Na ce nisa ne.

"Haka ne, nisa ne," ya ce. Ya gyara hularsa ya tafi.

Saura abu ɗaya, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Mutumin nan bai taɓa gaya min wata magana da ba zai iya faɗa a gabanka ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, hirarmu ba ta wuce ta sawun dabbobi da ciwon gwiwa. Amma ina jiran Asabar tun daga Laraba, kuma ba don matan kaɗai ba. Awa biyar a mota, babu mai kira na in zo in duba wani abu, ga mutum a gefe da in na yi magana yake saurare har in gama. Da ya furta wani abu, ban san amsar da zan ba shi ba. Bai furta ba, yanzu kuma babu dama. Saboda haka zarginka bai faɗi ƙasa duka ba. Wurin da ka nufa da shi ne ba daidai ba.

Kada ka sake rubuta wa kowa wasiƙa a kaina, ko ta ƙara, ko ta ban haƙuri. In akwai abin da yake damun ka, ni ka tambaya, ka kuma jira amsa ko za ta yi wata.

Saura mako tara in dawo. Ranar da zan sauka ka zo kai kaɗai, ka bar yara a gida, kada ka gaya wa Gwaggo lokacin. Akwai sauran magana da ba ta shiga takarda. A mota za mu yi ta, kana tuƙi, ba sai mun kalli juna ba.

Mahaifiyarka